Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibiya: Maganar 'Yan'uwanmu Maza Masu Buƙatar Likitan Mata

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Almasihu, iyayenmu dattawa, fastoci, masu bishara da shugabannin zumunta na ƙasashen Ikara, Makarfi da Kudan: Tun daga farko muna neman gafara, domin maganar da muka ɗauko a wannan fitowa tana da nauyi a baki, ba irin wadda aka saba yi a gaban surukai ba ce. Amma mun auna nauyin faɗinta da nauyin yin shiru, sai muka ga shirun ya riga ya jawo mana asara, saboda haka dole mu yi magana.

Shekaru kaɗan da suka wuce, a ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu, akwai wani saurayi ɗan wajen shekara 17, mawaƙi ne a ƙungiyar matasa, kuma hannun daman mahaifinsa a gonar rake. Mun ɓoye duk abin da zai sa a gane shi. Wannan yaro ya fara ganin jini a fitsarinsa tare da ciwon mara mai tsanani. Da yake kullum yana cikin ruwan fadama, kowa ya ce tsargiya ce, aka sayo magani a kemis har sau uku, abin ya tafi ya dawo. Ana cikin haka ƙirjinsa ya fara tasowa, ya daina zuwa rafi da abokansa, ya koma sa riga biyu ko a tsakiyar bazara. Aka ce aikin maƙiya ne, aka sa shi azumin kwana uku. Sai wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta zauna da mahaifiyarsa suka ƙirga kwanaki, suka ga ashe jinin wata-wata yake zuwa. Ita ce ta raka su Zariya, inda hoton ciki ya nuna cewa akwai mahaifa a jikinsa.

Daga nan ne laifinmu ya fara. Mahaifin ya zo wurin dattawa cikin sirri yana neman taimakon kuɗin asibiti. Muna cikin ɗakin a ranar. Kafin Lahadi ta zagayo, maganar ta fita daga ɗakin ta shiga gidaje, ranar sujada kuwa aka tashi aka sanar da ita da sunan roƙon addu'a. Yaron bai sake taka majami'a ba. Bayan girbi ya tafi kudu neman aiki ba tare da ya ƙarasa ganin likita ba, har yau kuma kujerarsa a wurin mawaƙa wani ne a kai. Babu wanda ya kore shi da sanda. Da bakinmu muka kore shi.

Abin da likitoci suka sani

Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan halitta, shi ya sa muke da kalmar mata-maza, ko da yake an fi amfani da ita wajen zagi da ba'a. Maƙwabtanmu Musulmi ma, malamansu na fiƙihu suna da babi a kan wanda suke kira hunsa, har da yadda ake ba shi gado. Likitoci sun ƙiyasta cewa kimanin jariri ɗaya cikin 4,500 ake haifa da al'aurar da ba a iya cewa nan take ta namiji ce ko ta mace. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumominmu uku a haɗe suna da mutane kusan 480,000. Duk wanda ya iya lissafi zai ga cewa muna maganar mutane kimanin ɗari ne a nan yankinmu, wasunsu kuwa a gidajen masu bi aka haife su. Ƙasar Kenya ta saka su a ƙidayarta ta 2019, inda mutum 1,524 suka bayyana kansu.

Abin ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa yana tasowa ne daga wata 'yar tsoka da ke zaune a kan kowace ƙoda. Idan ta kasa sarrafa sinadarin da jiki ke buƙata, sai ta riƙa zubo sinadarin namiji fiye da kima tun jariri yana ciki. Jaririyar da take da mahaifa da ƙwayayen mace a ciki sai ta fito da siffar namiji a waje, a yi guɗa, a raɗa mata sunan namiji, a rene ta namiji. Gadonsa ake yi daga uwa da uba su biyun, waɗanda su kansu lafiyarsu lau, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya faɗa a kan jaririn. Shi ya sa ya fi bayyana inda aka yawaita auren zumunci. Abin tsoro a nan shi ne, kusan uku cikin huɗu na masu nau'in mai tsanani jikinsu ba ya riƙe gishiri. A mako na biyu ko na uku sai jariri ya fara amai, ya ƙi kama nono, ya rame, ya bushe, in ba a kai shi asibiti ba ya mutu. Alhali kuwa akwai magani, ƙwayoyi ne da ake sha kullum, irin su haidirokotison, kuma mai shan su yana iya girma ya yi rayuwarsa.

Akwai kuma waɗanda ake haifa da tsokar ƙwan mace da ta marainan namiji a jiki ɗaya. Yawancinsu maza ake renonsu, sai lokacin balaga nono ya fito, jinin al'ada ya riƙa biyowa ta hanyar fitsari, ko kuma ya taru a ciki ya riƙa murɗa musu mara kowane wata. A ƙasarmu da tsargiya ta zama ruwan dare, har wasu tsofaffi suna ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji, irin wannan yaro yana iya shekaru yana shan maganin da ba nasa ba. Akwai ma namijin da komai nasa na waje daidai yake, sai an zo yi masa aikin ƙaba likita ya tarar da mahaifa a ciki. Marainan da suka maƙale a ciki ba su sauko ba kuwa, haɗarin kamuwarsu da sankara ya fi na waɗanda suka sauko, don haka suna buƙatar idon likita.

To, a nan ne matsalar take. Wannan ɗan'uwa sunansa na namiji ne, katinsa na asibiti ya ce namiji, gemu gare shi, wataƙila ma shi ne ma'ajin zumuntar matasa. Amma likitan da ya san ciwonsa yana ɓangaren mata, inda masu awon ciki suke jere a kan benci. Wane saurayi ne daga Hunkuyi ko Ikara zai je ya zauna a wannan benci, bayan ya san ba zai rasa matar ƙauyensu a layin ba? Sai ya zaɓi ya koma gida da ciwonsa.

Darasi daga ƙasashen waje

Likitocin Ingila da Amurka sun ci karo da wannan matsala ta benci ta wata hanya daban. A can akwai mutanen da aka haife su da cikakken jikin mace amma suke ji a ransu su maza ne, suka sauya suna da sutura, da yawansu suna karɓar allurar sinadarin namiji, har murya ta buɗe, gemu ya fito. Wannan dabam yake da mata-maza da muka bayyana a sama, kada a haɗa su. Amma abin da likitocin suka lura da shi ya shafe mu. Da yawa daga cikin mutanen nan mahaifarsu da bakin mahaifarsu da ƙwayayensu suna nan yadda suke. Allurar takan tsayar da jinin al'ada bayan 'yan watanni, amma ba ta hana ɗaukar ciki tabbas, kuma ba ta kare mutum daga sankarar bakin mahaifa. Duk da haka an ga sun fi sauran mutane ƙaurace wa gwaji, saboda kunya da tsoron wulaƙanci. A Ingila, shekaru da yawa kwamfutar hukumar lafiya tana aika takardar kiran gwajin bakin mahaifa ga waɗanda aka rubuta mata ne kaɗai, wanda aka sauya masa rajista zuwa namiji ba ya samun takardar, ko da yake gaɓar tana nan a jikinsa.

Darasin a fili yake. Cuta ba ta karanta katin asibiti. Gaɓar da ke jikin mutum ita ake dubawa, ko wane suna yake amsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 Nijeriya ta sami sababbin masu sankarar bakin mahaifa kimanin 12,000, mutum 8,000 kuma suka mutu. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin tarayya ta fara allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo ta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Muna kira ga iyaye su kai 'ya'yansu mata. Muna kuma tunatarwa cewa yaron da aka rena namiji alhali yana da mahaifa babu mai kiransa wannan layi, sai iyayensa sun tambayi likita da kansu.

Kada kuma mu ce wancan al'amari na Turai ne kawai. 'Ya'yanmu suna Kaduna, suna Abuja da Legas, wasu suna ƙetaren teku. In wata rana 'yar wani dattijo ta dawo gida da suna da shigar namiji, fastoci da iyaye suna da doguwar magana da za su yi da ita, cikin gaskiya da haƙuri da hawaye. Amma in tana zubar jini, ko an ji ƙullutu a mararta, wannan ba zai jira a gama maganar ba.

Ga masu shakka

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce. Za su ce, ashe ba namiji da mace Allah ya halitta ba, kamar yadda yake a Farawa sura ta ɗaya? Ba wannan ce ƙofar da baƙin koyarwa suke bi su shigo ba? Tambaya ce mai kyau, ba kuma za mu kauce mata ba. Ba mu zo sauya koyarwar ikilisiya a kan aure ba, kuma wannan takarda ba ta da ikon yin haka. Abin da muke cewa shi ne, Littafin da ya koya mana halitta shi ne ya nuna mana cewa Ubangiji ya san akwai waɗanda aka haifa daban. A Matiyu 19:12, da yake magana a kan aure, ya ambaci babanni iri uku, na farkonsu kuwa waɗanda haka suka fito daga cikin uwa, bai kuma ɗora musu laifi ba. A Yohanna sura 9, da almajirai suka so sanin zunubin wane ne ya sa aka haifi mutum makaho, ya kawar da zancen zunubi daga kan mutumin da iyayensa duka. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus bai tsaya binciken jikin baban nan na Habasha ba kafin ya shiga ruwa da shi. Macen nan ta Markus sura 5 da ta shekara 12 tana zubar jini, wadda shari'a ta ɗauke ta marar tsarki, ta ɓuya a cikin taro saboda kunya, amma ta koma gida da lafiya da kuma sunan 'ya.

Tarihinmu ma shaida ne. Bishara ta shigo ƙasar Zazzau da akwatin magani a hannu. Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa, inda asibitin mishan ya karɓi Musulmi da Maguzawa da masu bi, kutare da makafi, ba a tambayi kowa shaidar halinsa kafin a wanke masa gyambo ba. Marigayi Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau nan maƙwabtanmu, likitan yara ne kafin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma bawan Allah ne har ƙarshen ransa. Mu jikokin wannan aiki ne. In muka mayar da magani ladan kyakkyawan hali, mun bar hanyar da aka bi aka same mu.

Wasu kuma tsoron hukuma suke ji, saboda dokar hana auren jinsi ɗaya da aka sa wa hannu a Janairun 2014. Wannan doka maganar aure da ƙungiyoyi take yi. Babu inda ta hana likita duba marar lafiya, babu kuma dokar da ta ce laifi ne a haifi mutum mata-maza. A Afrilun 2024 ma majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurinta na farko a kan kare irin waɗannan mutane daga wariya da cutarwa.

Akwai wani abu da ya sa lamarin ya fi yi mana tsanani, wato ƙarancinmu. A yankin nan mu tsiraru ne, kowa ya san kowa, a tsakaninmu muke aure, taron zumuntar mata guda ɗaya ya isa ya kai labari daga Makarfi zuwa Kudan. Iyali suna tsoron in maganar ta fita babu mai auren sauran 'ya'yansu, suna kuma tsoron maƙwabta su ce ga abin da ake samu a gidan Kirista. Wannan tsoro gaskiya ne. Amma maganinsa shi ne mu koyi riƙe sirri, domin ƙaramin garke ba shi da tunkiyar da zai yi asararta.

Abin da muke roƙo

Na farko, ga ungozomomi da iyayenmu mata na zumunta. Idan aka haifi jariri kuka ga al'aurarsa da shakka, ko kuka shafa ba ku ji maraina a jakarsu ba, kada ku yanke hukunci da ido, kada kuma ku jira ranar suna. A kai shi babban asibitin Ikara, ko na Makarfi, ko na Hunkuyi a cikin kwanakin farko, a roƙi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da likitocin yara, da na tiyata, da na mata. In jaririn ya fara amai ya ƙi nono, ko an taɓa rasa jarirai a gidan ta wannan hanya, to, a tashi ko da tsakar dare ne.

Na biyu, kada aska ta taɓa shi. Wanzami ba ya ganin abin da ke ciki. Mun san yadda yankan gishiri ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari, dokar tarayya ta 2015 kuma ta haramta kaciyar mata. Ko a asibiti, tun bayan taron masana da aka yi a Chicago a 2005, shawarar ita ce ƙungiyar likitoci ta yi cikakken bincike tare da iyaye kafin a yanke hukunci, likitoci da yawa kuma suna ganin aikin da ba na ceton rai ba gara a jinkirta shi har mai jikin ya yi wayon da za a ji ta bakinsa. Abin da aka yanke ba ya komawa.

Na uku, ga fastoci. Kada matsin ranar suna ya sa a yi gaggawa. Muna da sunaye masu daɗi da ake ba namiji da mace, irin su Albarka, Haske, Alheri da Bege. A sa wa yaro ɗaya daga ciki, a yi addu'a, a ci abinci, a bar likitoci su yi aikinsu.

Na huɗu, ga iyaye da shugabannin matasa. Fitsarin jinin da ya ƙi jin maganin tsargiya, ko yake dawowa wata-wata, ciwon mara mai zagayowa, nonon da ya fito wa saurayi sosai, ko budurwar da ta kai shekara 15 ko 16 ba ta ga al'ada ba, duk waɗannan na likita ne. A yi addu'a, a kuma hau mota.

Na biyar, ga 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya, waɗanda da yawansu a makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi suka yi karatu. Ku ne gadar. Kowace gunduma ta san mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana da za a iya zuwa wurinsu. Ku raka ɗan'uwa, ku nema masa lokacin da likita zai gan shi ba tare da ya zauna a layin awo ba, ku kira shi da sunan da yake amsawa.

Na shida, ga dattawa, mu da kanmu. A ware wani abu daga baiko domin marasa lafiya, wanda fasto da ma'aji kaɗai za su san wanda aka ba. A daina sanar da ciwon mutum daga bagade sai da izininsa. Dattijon da ya fitar da sirrin marar lafiya, ko ga matarsa ne, a ɗauke shi ya yi laifin da ya isa horo. Ba a sa mutum a horo saboda yadda aka haife shi, ba a kuma hana shi jibin Ubangiji.

Na bakwai, maganar aure. Mun riga mun saba da gwajin jini kafin ɗaurin aure. Haka nan wannan ma, wanda ya san halin jikinsa ya wajaba ya faɗa wa wanda zai aura gaskiya, musamman a kan haihuwa, domin aure ba ya tsayuwa a kan ɓoye-ɓoye. Amma maganar ta tsaya tsakanin su biyun da likita da fasto. In an fasa, a fasa cikin mutunci, ba tare da an ba gari dalili ba.

Daga ƙarshe, ga ɗan'uwanmu da ya tafi, in wannan takarda ta kai hannunka ko wani ya karanta maka: mun yi maka laifi, muna roƙon gafararka. Ko ba ka dawo wurinmu ba, muna roƙonka ka koma wurin likita ka ƙarasa abin da aka fara. In kuwa ka dawo, za ka tarar da mutanen da suka koyi kama bakinsu.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta karanta wannan a zamanta na gaba, ta kuma rubuto mana abin da ta yanke. Ubangiji ya ba mu zuciyar makiyayi da bakin da ya san shiru. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.